Tana da Gara: Tarihin Yadda Aka Raya Matacciyar Ƙasa

Akwai halittu guda biyu da duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san ba su da wata ƙima a idon jama'a, wato tana da gara. Ita dai tana abar ƙyama ce, ba mai kula ta sai masunci idan zai ɗana ƙugiya, ko kaza idan ta tono ta a bakin rariya. Gara kuwa abokiyar gaba ce ta ƙin ƙarawa. Ta ci azara, ta ci danga, ta ci rumbu, ta kuma shiga adaka ta cinye wa malam littattafansa. To amma fa idan mutum ya bi tarihin noma a ƙasashen da rana ta yi wa yawa, ruwa ya yi musu kaɗan, zai tarar waɗannan abubuwa biyu da muka raina suna cikin manyan ma'aikatan da suka taɓa tsamo talaka daga yunwa, kuma ba su taɓa tambayar kuɗin ƙwadago ba.

Dalilin da ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne halin da gonakinmu suke ciki. Gonar da a da take cika wa kakanka rumbu, yau an raba ta gado gida-gida, ana nome ta kowace shekara ba hutu, ta yi fari fat kamar an wanke ta. A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, an yi ta raba takin zamani da rangwame mai yawa, har mutane da dama suka ɗauka an gama da wahalar jidar taki. Daga baya rangwamen ya yi ta tafiya yana dawowa, a 2022 kuma da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren kuɗin buhu ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya. Ko da ma an same shi a arha, takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya riƙe wa ƙasa ruwa. Ƙasar da babu ruɓaɓɓen abu a cikinta kamar kwando take, duk abin da ka zuba zai zurare.

TAKI KAFIN ZUWAN NA ZAMANI

Kada mai karatu ya ɗauka gyaran ƙasa baƙon ilimi ne a wurinmu. A 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth ya shigo Kano, ya kuma rubuta cewa ƙasar Kano tana cikin wurare mafiya albarkar noma da ake da su. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a shekarun 1960, wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya zauna ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin, don abin ya ɗaure wa masana kai: yaya za a yi mutane masu yawa haka su riƙa noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar shi ya huta ba, amma bai mutu ba?

Amsar tana bayan jaki. Da rani manomi zai ɗoro wa jakinsa itace ko kara ya shigo birni ya sayar, sa'an nan ya cika mangala da takin juji, wato toka da shara da kashin awaki da na tumaki, ya koma gona ya jibge shi tsibi-tsibi. Abin da ya fita daga gona ya shiga birni a matsayin abinci, sai ya komo mata a matsayin taki. A gida kuma akwai turken dabbobi, ana tara abin da ya taru a ƙarƙashinsu. Bayan kaka Fulani su sauka a gonar mutum da yardarsa, shanu su ci kara su bar masa kashi, shi kuma ya ba su hatsi, kowa ya tashi da riba. Ga kuma gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana, da rani ya yi wa dabbobi inuwa su kwanta su yi taki a gindinsa.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba. Idan ka zube busasshen kashin saniya a gona, wane ne yake narkar da shi ya shigar da shi cikin ƙasa har saiwa ta iya sha? Ai shi kaɗai ba zai shiga ba. A ƙasashen da ke da laima wannan aikin tana ne. A tamu ƙasar mai zafi yawanci na gara ne.

BATUREN DA YA TSUFA YANA KALLON TANA

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito da darajar tana fili a rubuce shi ne Charles Darwin na Ingila, wanda aka fi sani da ra'ayinsa a kan asalin halittu, ra'ayin da ba shi ya kawo mu nan ba. A 1837 kawunsa Josiah Wedgwood ya nuna masa wani fili da aka taɓa watsa wa farar ƙasa da gawayi, bayan 'yan shekaru sai ga su sun nutse cikin ƙasa alhali ba wanda ya sa garma a wurin. Darwin ya ƙi barin zancen ya wuce. A watan Disamba na 1842 ya sa aka watsa gutsattsarin alli a wani fili kusa da gidansa, ya ƙyale shi. Sai a watan Nuwamba na 1871, bayan shekara 29 cur, ya sa aka haƙa rami a wurin, aka tarar allin ya yi layi a ƙarƙashin ƙasa, zurfin inci 7. Ba allin ne ya nutse da kansa ba, tana ce take ta haɗiyo ƙasa daga ciki tana kasayar da ita a sama, kaɗan-kaɗan, har ta binne shi. Ka ji mai haƙuri da ya dafa dutse.

A 1881 ya fitar da littafi sukutum a kan tana, shi ne kuma na ƙarshe da ya wallafa kafin rasuwarsa a 1882. A ciki ya ƙiyasta cewa a wurare da yawa na Ingila fiye da tan 10 na ƙasa ke ratsawa ta cikin tana a kowace eka duk shekara. Yadda abin yake shi ne, tana ba ta da haƙori, amma tana da ƙundu kamar na kaza. Ta haɗiye ruɓaɓɓen ganye tare da tsakuwoyin yashi, ƙundun ya niƙe su, abin ya gauraya da ƙananan halittun da ke cikinta, ya fito baƙi, mai laushi, mara wari, wanda saiwa ke iya sha nan da nan. Ramukan da take bi kuma su zama hanyar iska da ruwa.

Daga nan ne mutane suka ce, to me zai hana a kiwata ta kamar yadda ake kiwon kaji? Akwai wata irin jar tana ƙarama wadda ba ta son zurfi, a cikin juji da tsibin taki take zama, ita ce aka fi sa wa wannan aiki. Ƙasar da ta fi nuna wa duniya amfaninta ita ce Kuba. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, takin zamanin da ke shiga Kuba ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100, abinci ya yi wuya ƙwarai. Gwamnati da manoma suka koma ga kashin shanu da dusar rake, suka gina dogayen kwamaye a inuwa suna kiwon tana, suna kai takinta lambunan da aka buɗe a cikin birane irin su Habana. Da wannan, da wasu dabaru irinsa, suka samu suka ga bayan shekarun ƙunci.

ABIN DA YA SA TANA TAKE GUDUN ƘASARMU

Amma Kuba tsibiri ce mai ruwan sama, Ingila kuwa ba a magana. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Tana ba ta da huhu, da fatarta take numfashi, kuma sai fatar tana da danshi iska ke ratsa ta. Da ta bushe shi ke nan, ta mutu. Jar tanar da ake kiwo ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 25, idan ya zarce 35 sai ta fara mutuwa. To ina ga Sakkwato ko Maiduguri ko Tawa a watan Afrilu, inda a inuwa ma ake haura 40? Shi ya sa a wurinmu ba ka cika ganin tana ba sai a fadama, ko gindin randa, ko tsakiyar damina.

Duk da haka masu lambu a ƙasashen hamada sun samo hanyar zama da ita, kuma dabarar ba ta wuce abu uku ba: inuwa, zurfi da danshi. Ba a sa ta a durom na ƙarfe ko roba a ajiye a rana, don wannan gashi ne. Rami ake yi mata a ƙasa a gindin itace mai duhuwa, ko a gina kwami a inda rana ba ta kai wa, saboda cikin ƙasa ya fi sama sanyi nesa ba kusa ba. A shimfiɗa busasshen ganye da tattakar kara, a zuba takin dabbobi wanda ya kwana biyu ya huce, don ɗanyen kashi zafi yake ɗauka kamar tukunya. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa yadda idan ka damƙi takin zai yi kamar tsumman da aka matse, ba ya ɗiga kuma bai bushe ba. Abincinta ɓawon kankana da na ayaba, guntun ganyen miya, ganyen shayi. Ba ta son mai, ba ta son gishiri, ba ta son ruwan sabulu, kuma rijiyar da ruwanta ke da zartsi kashe ta take yi. Sai a tsare ta daga kaji da ƙadangaru da kwarkwasa. Cikin wata biyu zuwa uku mutum zai kwashi takin da ya ishi 'yan kwamayen alayyafo da tumatir na bayan gida.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne, akwai wata babbar tana 'yar asalin Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Eudrilus eugeniae, ta fi ta Turai jure zafi. An ɗauke ta an kai Indiya da Filifin ana kiwonta ana cin moriyarta. Amma ita ma sai da ruwa. Saboda haka kiwon tana ya dace da ƙaramin lambu da mai rijiya a kusa. Manomin gero da ke da eka biyar a kan tudu, wanda matarsa ke tafiya mai nisa kafin ta samo na sha, shi kam wani ma'aikacin yake bukata. A nan ne labarin wani mutumin Burkina Faso ya shigo.

MAHAUKACIN GURGA

Dattawa ba su manta da farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ba, wanda ya fi tsanani a 1973, haka kuma na 1984, wanda mutanen Nijar suka sa wa yunwarsa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Wannan masifa ta yi wa lardin Yatenga, a arewacin ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta kafin Thomas Sankara ya sauya mata suna a 1984, mugun kamu. Itatuwa suka mutu, rijiyoyi suka yi ta ja da baya, hekta guda ba ta ba da abin da ya wuce kilo 300 zuwa 400 na dawa ko gero. Tsakanin 1975 da 1985 wasu ƙauyuka sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensu, sun yi kudu ko sun tsallaka Kwaddebuwa. Abin da suka bari a baya shi ne irin filin nan da Mosawa ke kira zipele, mu kuma muke ce masa faƙo: ƙasa ta daskare kamar daɓe, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ya bi ta kai ya wuce, ko tsinke ba ya tsirowa.

A daidai lokacin da kowa ke gudu, wajen 1980, wani ɗan kasuwa a garin Wahiguya mai suna Yakuba Sawadogo ya tattara ya koma ƙauyensu Gurga, ya ce zai yi noma a faƙo. An haife shi a 1946, an kai shi makarantar allo a Mali yana yaro, bai yi boko ba. Abin da ya tarar wurin magabata shi ne wata tsohuwar dabara da ake kira zai, wato a yi 'yan ƙananan ramuka a shuka a ciki. Ya ɗauki wannan ya yi mata gyara uku. Na farko ya faɗaɗa ramin ya zurfafa shi, faɗi kamar santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 10 zuwa 20, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen gangare don ta tare ruwa. Na biyu ya riƙa zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Na uku, wanda ya fi jawo masa surutu, ya riƙa yin aikin da tsakar rani, watanni kafin saukar ruwa, abin da al'adar wurin ba ta saba da shi ba. Mutane suka ce ya taɓu. Har wuta aka taɓa cinna wa filinsa. Bai fasa ba.

To ga inda asirin yake. Da ka zuba taki a rami da rani, kafin ka juya baya gara ta ji labari. Ita ba ruwanta da bushewa, don tana gina hanyoyinta a rufe, tana kuma samo danshi daga can ƙasa. Ta huda faƙon nan daga ciki, ta yi ta jidar takin tana shiga da shi, tana barin ƙananan hanyoyi birjik a ƙarƙashin ramin. Iskar rani kuma ta kwaso ganye da lallausan ƙasa ta zuba a ciki. Ran da ruwan farko ya sauka, maimakon ya gudu sai ya taru a ramin, ya bi hanyoyin gara ya nutse, ya zauna a inda rana ba za ta tsotse shi da wuri ba. Idan aka shuka dawa a nan, ko ruwa ya ɗauke na mako biyu ba ta cika yin yaushi ba. Wato aikin da tana ke yi wa Baturen Ingila shi gara ta yi wa Yakuba. Daga baya wani masanin ƙasa ɗan Burkina, Abdoulaye Mando, ya tabbatar da haka a bincikensa na shekarun 1990, cewa idan aka baza ciyawa ko taki a kan faƙo gara ce ke fasa shi. A 2011 masana a Ostireliya ma suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a gonar alkama a yanki mai ƙarancin ruwa, inda suka ga gara da tururuwa sun ƙara amfanin da kashi 36 cikin 100.

Yakuba ya haɗa ramukan da jerin duwatsu. Wannan dabara wani shiri na ƙungiyar Oxfam da aka fara a Yatenga a 1979 ne ya inganta ta, kuma Mathieu Ouédraogo na cikin waɗanda suka yaɗa ta. Ana amfani da farin tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda magina ke gwada daidaiton gini da shi, a gano inda ƙasa ta yi daidai, a jera duwatsu a kan layin. Ba hana ruwa wucewa suke yi ba, rage masa gudu suke yi, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko ya kuma sami damar nutsewa.

Sai kuma ga wata riba da ta biyo baya. A cikin kashin awaki da shanu akwai 'ya'yan itatuwan da suka ci, sai suka riƙa tsirowa tare da dawa. Yakuba bai sare su ba, ƙari ma ya yi, ya riƙa sa irin itatuwa a bakin ramukan da gangan. A kwana a tashi faƙon nan ya zama daji mai faɗin fiye da hekta 25, da itatuwa da tsirrai sama da iri 60, tsuntsaye suka dawo, masu neman magani suka riƙa zuwa. Daga 1984 ya fara shirya taro sau biyu a shekara. Bayan girbi manoma su kawo samfurin irin da ya yi musu kyau ya adana, gab da damina su dawo kowa ya zaɓi wanda ya dace da gonarsa, a kuma koya wa juna haƙar rami. Taron ya kai ana zuwa daga ƙauyuka fiye da 100. A wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009, an raya tsakanin hekta 200,000 da 300,000 a tsakiyar Burkina da waɗannan dabaru, abin da ke ƙara kimanin tan 80,000 na abinci a shekara.

DAGA YATENGA ZUWA ADAR

Yanzu bari mu matso gida. A 1989 wani shiri da asusun raya aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IFAD, ke ɗaukar nauyinsa ya kwashi manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa a Nijar, ba Illelar Sakkwato ba, ya kai su Yatenga don su gane wa idonsu. Gani ya kori ji. Su ma Adarawa suna da irin wannan ramin tun da, suna ce masa tassa, sai dai ƙarami ne kuma an kusa mantawa da shi. Da suka komo wasunsu suka gwada a fili kamar hekta 4. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, gonaki da yawa suka ƙone, amma inda aka yi tassa aka sami abin kai wa rumbu. Daga nan ba sai an yi wa kowa wa'azi ba, maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci. Kafin 1995 an gyara wajen hekta 3,800.

An auna amfanin gonakin daga 1991 zuwa 1996. Inda ba a yi komai ba matsakaicin abin da hekta ta bayar kilo 125 ne, inda aka yi tassa aka sa taki kuwa kilo 513, wato ninki huɗu. Abin har ya kai faƙon da a da ko kyauta aka ba mutum ba ya so, ya zama abin saye da sayarwa, kuɗinsa yana hawa. Samari suka sami sana'ar haƙar tassa da rani ana biyansu, wasu suka fasa tafiya cirani. A wani ƙauye mai suna Batodi, ruwan rijiya da a 1994 sai an zura guga mita 18, a 2004 ya taso zuwa mita 4, mata suka buɗe lambuna. Da ma Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

A Maraɗi kuma, tun 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa, idan aka bar reshe ɗaya ko biyu aka gyara su sai su koma itatuwa cikin 'yan shekaru. Wannan ya bazu har aka ƙiyasta ya shafi hekta miliyan 5 a Nijar. A 2018 shi da Yakuba suna cikin waɗanda aka bai wa babbar kyautar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, a 2020 kuma hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama Yakuba. Mutumin da aka kira mahaukaci ke nan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba zan ɓoye wa mai karatu wahalar abin ba, don kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hekta guda tana cin rami daga 12,000 zuwa sama, kuma an ƙiyasta aikin yana ɗaukar awa 300 zuwa 650, a ƙasa mai tauri, cikin zafin bazara, lokacin da rumbun talaka ya yi ƙasa. Dabarar ba ta yi a jigawa, don yashi rufta ramin yake yi, ba ta kuma yi inda ruwa ya yi yawa, don shukar za ta jiƙe ta ruɓe. Gara kuma ba a yi sulhu da ita gaba ɗaya ba, wadda ta gyara faƙo 'yar'uwarta ce ke cin danga, ko da yake manomin da ya ba ta busasshen abin ci a rami ya rage mata kwaɗayin abin da ke tsaye.

Babbar matsalar ita ce takin kansa. Wanda ba shi da dabba a ina zai samo? Karan da ya kamata ya ruɓe a gona an kwashe shi an yi girki ko an banka masa wuta wajen sharar gona. Jujin birni da jakai ke jida a da ya cika da leda da batir da fasassun kwalabe, sai an tsince kafin a kai gona. Zumuncin manomi da makiyayi, wanda shi ne babbar masana'antar takinmu, a wurare da yawa ya koma zaman doya da manja, kuma duk ran da shanu suka daina kwana a gona ƙasa ce ta fara yin asara kafin kowa.

Akwai kuma darasi mai ɗaci a ƙarshen labarin Yakuba. Da dajinsa ya yi kyau, garin Wahiguya ya faɗaɗa ya iso shi, aka fara yanka filaye ana gini a gefensa, shi kuwa gado ya sani, ba shi da takarda. Ya sha fama shekaru, sai a 2021 aka kewaye dajin da shinge. Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 2023, yana da shekara 77. Matacciyar ƙasa ba ta da mai so, amma da ta rayu masu ita sukan yi yawa. Duk wanda zai zuba guminsa a faƙo, ya fara zama da mai gari da shaidu a san na wane ne tun kafin ya kai diga.

Ni a ganina, mai ɗan fili a bayan gida da ruwa a kusa ya gwada tana, ba abin da zai rasa sai sharar da da ma zubarwa zai yi. Mai faƙo kuma kada ya jira sai ya iya hekta guda. Ya haƙa rami ɗari a ranin bana, ya ba kowanne tafin taki, ya bar gara ta yi nata, ya bar gefe guda yadda yake don ya kwatanta da kaka. Manoma 13 ne suka je Yatenga, hekta 4 suka fara da ita. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.